Giredar da ke kwance a sakateriya, da kuɗin wa aka saye ta?

Sabo Mai Albasa: Assalamu alaikum jama'ar gari. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa. Jiya motar da na ɗauko shata ta kafe a kwarin gaban maƙabarta tun la'asar, da buhu 60 na albasa a kanta. Sai da muka sauke rabin kaya cikin taɓo, muka nemo tarakta da samari, ba mu fito ba sai bayan isha'i. Direban ya rantse ko nawa za a ba shi ba zai ƙara shigo mana ba. Abin da ya fi ci min rai, bara aka bi gida-gida aka karɓi dubu bibbiyu, wai kuɗin man gas, za a turo gireda daga sakateriya. Muka bayar. Da kuɗi suka haɗu sai aka ce giredar ba ta tashi, sai dai a yi hayar ta wani ɗan kwangila. Aka kankare daga tasha zuwa firamare, aka tsaya nan. Tamu kuwa tana bayan sashen ayyuka a kan duwatsu, tayu biyu babu, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Giredar da aka saya da harajinmu! Ni dai maganata ɗaya ce. Ƙaramar hukumar da ba za ta iya ware wani abu duk wata don gyaran kayan aikin hanya ba, ba ta da bakin karɓar ko sisi a kasuwa.

Honarabul Sani: Sabo, Allah ya mayar da alheri. Amma gyara zancenka. Harajinka? Yaushe rabonka da biyan haraji? Ni ban taɓa ganin dagaci a ƙofar gidanku da littafin rasit ba. Giredar nan daga giran aka saye ta, kuɗin da ke zuwa daga Abuja. Mai girma ciyaman a haka ya gaje ta.

Sabo Mai Albasa: Duk ranar kasuwa ana yankar min rasit a kan kowane buhu. A tasha a karɓa, a bakin gada a karɓa. Idan wannan ba haraji ba ne, sadaka ce?

Honarabul Sani: Wannan rabanu ne. Kuɗin rumfa da kuɗin shara. Haraji daban.

Malam Habu Akanta: Sabo ɗana, ka saurare ni, shekara 31 na yi a baitulmali kafin na ajiye aiki. Abin da ake tarawa a kasuwa da tasha da mayanka, idan ya kai ga shigowa ofis, a wata guda bai sayen tayun gireda, balle giredar. Ƙaramar hukuma da giran take rayuwa. A rabon asusun tarayya gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60. A zamaninmu kuma kuɗin ba hannunmu yake faɗowa ba, asusun haɗin gwiwa yake shiga a jiha. A can za a cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan lafiya, a cire fansho, a cire kason masarauta, a cire na ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya saura shi ake turo mana, mu biya namu ma'aikatan. Wani watan da an gama albashi sai dai mu rufe littafi. To da me za a sayi gireda? Hanya uku na sani. Ko dai a sa ta a kasafin manyan ayyuka a nemi amincewar ma'aikatar ƙananan hukumomi, domin akwai adadin da ciyaman ba ya iya kashewa da sa hannunsa shi kaɗai. Ko jiha ta sayo da yawa ta raba, tana cire kuɗin daga asusun haɗin gwiwa wata-wata. Ko kuwa a haƙura da saye, a riƙa haya ko a ba ɗan kwangila. Tamu ta hanya ta biyu ta zo. Tirela ce ta sauke mana ita, muka sa hannu mun karɓa, ba mu san farashinta ba sai a takardar cirewa.

Kwamared Nura: Baba Habu, da bakinka ka ce "idan ya kai ga shigowa ofis". To wanda bai kai ba fa, ina yake tsayawa? Sannan Honarabul, giran ɗin da kake tinƙaho da shi daga sama yake zubowa? Duk katin waya da Sabo ya saya, duk buhun siminti, akwai harajin VAT kashi 7.5 a ciki, kuma kashi 35 na abin da aka tara na ƙananan hukumomi ne. Saboda haka harajinsa ne, ko ka so ko ka ƙi.

Honarabul Sani: Kuɗin man fetur ne, Kwamared. Ka daina yaudarar mutane da turancin jami'a.

Kwamared Nura: Fetur ɗin na gidan ciyaman ne?

Alhaji Mamman Tsohon Dagaci: Yara, ku bar wasa da kalmar da ba ku san nauyinta ba. Haraji mu muka san shi. Bayan kaka za a ƙirga duk baligi a gari, dogari ya zauna a zaure har sai kuɗi sun cika, wanda bai da shi ya sayar da akuya ko ya gudu ci-rani. Wannan shi ne haraji. Marigayi Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a 1979, Balarabe Musa ma ya soke a Kaduna. Tun daga ranar talaka ya daina tambayar hukuma, tunda ba daga aljihunsa ya ga an ciro ba. Zamanin En'e, kuɗin baitulmali aka yi ruwan famfo da lantarki na birnin Kano da shi tun wajen 1931. Kowace hanya da leburorinta, kowa da sashensa, da kwando da diga. Ba gireda, amma hanya ba ta yankewa.

Kwamared Nura: Ranka ya daɗe, da girmanka, amma ka manta da aikin tilas. Kakana da bulala aka fito da shi gyaran hanyar hakimi, ranar da ya kamata ya yi shuka. Allah ya ji ƙan Rimi, ya cire wa talaka ƙaya. Kada a zo nan a wanke En'e.

Alhaji Mamman Tsohon Dagaci: Ban zagi Rimi ba, na faɗi abin da ya biyo baya ne. Kai ko haihuwarka ba a yi ba.

Garba Tela: Ai soke haraji manufar PRP ce, ta Malam Aminu Kano. Rimi aiwatarwa ya yi. A riƙa ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

Kwamared Nura: Kawu Garba, mun san gidanku 'yan taɓo ne tun asali, ɓangaren Malam Aminu a PRP. Mu 'yan santsi ne, ɓangaren Rimi, kuma wanda ya sa hannu shi ya soke.

Garba Tela: Santsin ne ya kwashe ku har yau ba ku tsaya ba. Jam'iyya nawa ka shiga daga 2015 zuwa yanzu?

Sabo Mai Albasa: Jama'a, ni taɓon da ke gabana shi ne wanda motata ta kafe a ciki. Don Allah a dawo kan gireda.

Malama Binta: Kafin a dawo, ina da magana da Baba Habu. Kullum aka tashi zancen kuɗin ƙaramar hukuma sai a fara da albashin malaman firamare, kamar mu muka cinye gari. Baba, ni aji ɗaya nake koyar da yara sun fi 90, a ƙasa suke zama. Shekara nawa ban ga ƙarin girma ba. Kuma hanyar nan da ake magana, ni ma ita nake bi a kan acaɓa, da damina sai na cire takalmi na ratsa kwarin da ƙafa. In gireda ta mutu, kada a rataya mana.

Malam Habu Akanta: Binta 'yata, ban ɗora muku ba. Lissafi na jera yadda yake a takarda.

Malama Binta: To a takardar me ya sa ba ka jera masu ba da shawara da mataimaka na musamman ba? Su nawa ne yanzu?

Honarabul Sani: Malama, idan da ni kike, ki fito fili. Alawus ɗina ko batirin giredar nan bai saye.

Bello Na Ardo: Tunda an ambaci jangali, ni ma a ji ni. An ce an soke, amma duk saniyar da ta shiga kara sai an biya, mai saye ya biya, mai sayarwa ya biya, a lodi a sake biya. Suna kawai aka canza. Ina goyon bayan Sabo, harajinmu ne.

Garba Tela: Ku da shanunku ke tattake hanyar da damina? Kofato ya fi taya ɓarna.

Bello Na Ardo: Kawu, burtalin da ya bi bayan makaranta wa ya nome shi? Ka nuna min inda za mu bi, gobe ba za ka ƙara ganin saniya a titi ba. Kuma tifofin yashi da ke wucewa dare da rana ba ka gan su ba, sai kofato.

Hajiya Ladi: Ni tambaya ɗaya gare ni. Dubu bibbiyun da aka karɓa bara, har da ni da ba ni da miji na bayar. Nawa aka tara, nawa aka ba mai haya, nawa ya rage, kuma a hannun wa?

Ɗanjuma Direba: Wai ma tsaya, abin da ke sakateriyar nan gireda ce ko katafila? Ni katafila na san ana ce mata.

Baba Tanimu Ofareta: Ɗanjuma, kai direba ne, bai kamata ka yi wannan tambayar ba. Caterpillar sunan kamfani ne, shi muka mayar katafila muka laƙa wa mai sarƙa, wadda ke ture ƙasa da itatuwa. Gireda mai tayu shida ce, wuƙarta a tsakiyar ciki. Wadda kuke magana a kanta ni na fara hawanta ranar da aka sauke ta, ledar kujera ma ba a cire ba. Jikana ke rubuta min, ku yi haƙuri da tsawo.

Ku kuna faɗa a kan wa ya saya. Saye shi ne mai sauƙi. Gireda kamar doki ce, ba kuɗin sayen ke kashe mai shi ba, harawa ce. In tana aiki sosai, a yini ɗaya sai ta sha man gas fiye da lita 100. Ga baƙin mai, ga filtoci, ga man haidirolik, ga girisi kullum safiya. Bakin wuƙar ƙarfe ne da ke cinyewa, in ba a canza shi ba sai ya ci uwar wuƙar. Duk shekarun da na yi, ban taɓa ganin an ajiye kuɗin waɗannan a gefe ba. Sai abu ya lalace na rubuta takarda, ta je wurin shugaban sashe, ta je wurin ma'aji, ta jira giran. Abin da ya kwantar da ita tun farko ba wani babban abu ba ne, famfon haidirolik ne ya fara yoyo. Na je Ƙofar Ruwa da kaina na samo na hannu mai kyau, na kawo farashi. Aka ce a jira wata mai zuwa. Watan ya zo aka ce sallah. Tana tsaye aka ari batirinta aka sa wa janareto. Aka ari taya ɗaya, wai za a dawo da ita. Rana ta busar da robobi, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, ɓeraye suka cinye wayoyi. Abin da za a gyara da kuɗin tunkiya ya koma kuɗin garke. Ranar da na yi ritaya na je na shafa ta, wallahi sai da na yi hawaye.

Sannan ku sani, gireda ita kaɗai ba ta gyara hanya. Aikinta ta yi wa hanya doro, tsakiya ya ɗaga, ruwa ya gangara lambatu hagu da dama. Kafin nan sai tifa ta kawo marmara, tanka ta yayyafa ruwa, bayan nan rola ta danne. Abin da aka yi muku bara kankara ce kawai, a busasshiyar ƙasa, shi ya sa ruwan farko ya tafi da ita. Lokacin aikin shi ne ƙarshen damina, ƙasa da sauran laima. Kwarin maƙabarta kuwa ko gireda goma aka kawo ba zai ji ba. Kwalbati yake so, mai baki biyu. Na faɗa tun ina aiki.

In da za a ji tawa, ƙaramar hukuma ɗaya ba ta da aikin da zai riƙe cikakken saitin nan shekara guda. Mu da maƙwabtanmu uku mu haɗa, gireda ɗaya, rola ɗaya, tifa biyu, makaniki ɗaya da aka sani. Kowa ya zuba kason gyara duk wata a asusun da ba a taɓawa don sallah ko taron siyasa. In ba ta da aiki a ba da ita haya, kuɗin ya koma cikinta.

Honarabul Sani: Baba Tanimu, Allah ya ƙara lafiya. Kun ji dai, tun kafin zuwan wannan gwamnati ta mutu. Kuma a tuna, a farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Kayan gyaran nan duk daga waje suke.

Kwamared Nura: A tuna kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 giran ya ƙaru. Wannan ba za ka faɗa ba?

Ɗanjuma Direba: Ni dai har gobe katafila zan ce. Duk garin nan haka ake faɗa.

Barista Aminu: Iyayena da yayyena, a bar ni na sa baki ta fuskar doka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma yi da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, kuma shi ne ya ba ta kasuwanni da tashoshin mota da mayanka. Wato hannun da ke karɓar rasit ɗin Yaya Sabo shi ne hannun da aka ce ya gyara hanyarsa. Hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ta titunan tarayya ce, ba za ta zo kwarin maƙabarta ba. Asusun haɗin gwiwa da Baba Habu ya faɗa yana sashe na 162. Amma ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. To Honarabul, kai ke kusa da ofis. Kuɗin yana shigowa kai tsaye ko ba ya shigowa? In yana shigowa, a nuna mana layin gyaran gireda a kasafin bana. In ba ya shigowa, a faɗa mana mu san ƙofar da za mu buga.

Honarabul Sani: Wannan ba hurumina ba ne. Ka rubuto a takarda.

Garba Tela: Aminu, yaushe ka gama makarantar da har kake yi wa manya jarrabawa? Da ubanka yana kansila wace hanya ya gyara?

Barista Aminu: Kawu, mahaifina ya rasu, a bar shi ya kwanta. Kuma rijiyar da kuke sha a unguwarku shi ya haƙa.

Alhaji Mamman Tsohon Dagaci: Garba, ka janye wannan. Mamaci ba abin jifa ba ne.

Garba Tela: Na janye don darajar Alhaji. Amma rijiyar ta DFRRI ce, hukumar raya karkara ta zamanin Babangida, kowa ya sani.

Barista Aminu: DFRRI a 1986 aka kafa ta. Rijiyar nan ina firamare aka haƙa ta, ina tsaye a wurin.

Malam Habu Akanta: Ku bar rijiya. Nura, ka jefe ni da magana ɗazu ban amsa ba. Ni ban taɓa riƙe littafin rasit ba, abin da aka kawo shi nake rubutawa. Gidan da nake ciki na gado ne, ka zo ka gani.

Kwamared Nura: Baba, ban ce kai ba. Amma har yanzu ba wanda ya karya hujjata. Rasit haraji ne, VAT haraji ne.

Honarabul Sani: Rabanu ne.

Bello Na Ardo: Ko me sunansa, daga aljihuna yake fita.

Hajiya Ladi: Har yanzu ina jiran amsar dubu biyuna.

Sakataren Zaure: Jama'a, dare ya yi, zan taƙaita mu rufe. Abin da aka fahimta shi ne, na ɗaya, kalmar haraji da Sabo ya yi amfani da ita kuskure ce, kamar yadda Alhaji Mamman da Honarabul suka yi bayani, tunda an soke haraji tun 1979. Na biyu, Malam Habu, wanda ya fi kowa sanin ofis, ya tabbatar da cewa ba ƙaramar hukuma ce ta sayi giredar ba, kuma abin da ke isowa bai wuce albashi ba. Na uku, Baba Tanimu ya shaida cewa ta lalace tun kafin wannan shugabanci, saboda haka babu adalci a ɗora wa mai girma ciyaman. Ana kira ga matasa su riƙa girmama manya, a kuma daina kawo siyasa. Maganar kuɗin bara, kwamitin da na yi wa sakatare ya yi aiki tsakani da Allah, wanda ke da shakka ya same ni a gida. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a sake yin karo-karo bana, gida dubu uku, a yi haya da wuri.

Baba Tanimu Ofareta: Sakatare, ban ce a sake haya ba. Kwalbati na ce, da asusun gyara.

Barista Aminu: Wa ya kawo shawarar dubu uku? Na duba daga sama har ƙasa ban gani ba.

Sabo Mai Albasa: Ni ba zan ba da ko kwabo ba sai an karanta lissafin bara a masallacin Juma'a. Baba Tanimu, gobe da safe zan zo na ɗauke ka a babur mu je sakateriya, ka duba ta ka faɗa min abin da ya rage a jikinta da abin da zai tashe ta. Aminu, kai ka rubuta takardar da aka ce, ni zan fara sa hannu. Sauran albasar tana nan a rumfa ta fara tsiro, Laraba kuma kasuwa.